Kayen bashin mai kanti: sharhi a kan kiran "mu sayi namu"

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta cika bakinmu a ƴan shekarun nan, a fada, a cikin aji, a Facebook da TikTok: "Mu sayi namu, mu tallafa wa ƴan kasuwarmu." Tun 2020 ƙungiyar UEMOA ta ware watan Oktoba ya zama watan cin kayan gida, ana baje koli ana jawabi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakoki, maganar ta ƙara nauyi, ta shiga cikin zancen ƴancin ƙasa. Yau da wuya ka sami ɗalibin da zai ce bai yarda da ita ba. To, wannan yarda ta kowa da kowa ita ce ta sa nake ganin ya kamata a zauna a tona maganar, don abin da ba wanda ke musu a kansa sau da yawa ba wanda ya tsaya ya auna shi.

Tun farko in faɗi inda na tsaya. Ina goyon bayan a riƙe mai kantin unguwa da mai tebur hannu biyu. Sukar da zan yi ita ce: dalilan da muke bayarwa aro muka yi, amfanin da mutanen nan ke yi mana na gaske ba mu cika ambatarsa ba, kuma taimakon da suka fi buƙata daga wurinmu mun yi shiru a kansa don yana taɓa aljihunmu.

Rigar aro

In ka saurari yadda muke yin zancen, za ka ji kamar a Faransa ko Amurka muke. A can, manyan shaguna irin su Carrefour da Walmart sun buɗe a bakin gari, mutane suna zuwa da mota su yi sayayyar mako guda, sai ƙananan shagunan tsakiyar gari suka yi ta rufewa. Daga baya sayayya ta intanet ta zo ta ƙara musu ciwo. Kiran da suke yi na a koma wa ƙaramin shago, maganin ciwonsu ne.

Mu fa? A Yamai akwai manyan shaguna masu sanyi, a Maraɗi da Damagaram da Tawa ma an fara ganin irinsu ɗaiɗai, akwai kuma masu odar takalmi da turare daga Kano ko Dubai ta WhatsApp. Amma mutum nawa ne a Bagalam ko Garin Malam ko Talaje ke tura ƴar keken sayayya? Yawancin gidajenmu daga mai kanti sai mai tebur sai kasuwa, ba don kishin ƙasa ba, don ba su da wani wurin zuwa. Kantin unguwarmu cike yake da masu saye tun safe har dare, amma duk da haka kowannenmu ya san wani kanti da aka wayi gari an sa masa kwaɗo, mai shi ya koma kabu-kabu ko ya tafi cirani. Ke nan abin da ke kashe kanti a nan daban ne. Sunansa karyewar jari, kuma zan dawo kansa.

Duba kan kanta

Dalili na biyu da muke bayarwa shi ne, wai in ka saya wurin na gida kuɗinka ya tsaya a gida. Mu shiga kantin mu ɗaga kai mu duba. Shinkafa daga Indiya ko Tailan ko Pakistan. Garin madara daga Turai. Tumatirin gwangwani yawanci daga Sin. Sardin daga Maroko. Indomie, biskit, garin sabulu da robobi daga Najeriya. Ko a fadarmu, inda muka fi ɗaga murya, ganyen shayin daga Sin yake, sikarin daga waje, butar da ƙananan kofunan ma haka. Abin da yake namu a wurin, ruwa ne da gawayi da na'ana'a, sai surutun.

Saboda haka in ka ba mai kanti jika guda na shinkafa, mafi yawanta ba ta kwana a hannunsa. Ta wuce wurin ɗan sari, daga nan wurin babban mai shigo da kaya, ta biya jirgin ruwa, ta biya tashar Lome ko Kwatano, ta biya duwan da direban babbar mota. Abin da ke saura a aljihun mai kanti ƴan daloli ne. Babban shago mai sanyi ma wurin masu shigo da kayan nan yake sari. Kantin unguwa abu guda ne, kayan gida wani abu ne daban, kuma taken da muke rerawa ya cakuɗa su wuri ɗaya.

Ban ce ƴan dalolin nan ba komai ba ne. Su ne ke biyan hayar shago, su biya mai garuwa, tela, ɗan dako da yaron kanti, su shiga adashe, su je suna da biki, su biya patanti da tikitin ma'aikatar magajin gari. Wannan kam yana juyawa a unguwa. Sai dai in muna son mu kare mai kanti, mu kare shi da hujjar da za ta tsaya da ƙafarta. Hujjar tana nan, kuma ta fi wadda muke amfani da ita ƙarfi.

Abin da yake yi mana da gaske

Na farko, awo. Mai kanti yana sayen buhu da kwali da jarka, ya farfasa su daidai da aljihun talaka. Sikari na dala 5, mai na dala 10, Maggi guda, garin sabulu cokali biyu, madara ɗan ƙulli. Mai kabu-kabu, mai wanki da guga, mai sai da ruwa, duk kuɗinsu kullum-kullum yake shigowa, ba su da halin sayen kilo 25 a tashi guda. In ka lissafa ƙulli-ƙulli har ya kai kilo, gaskiya ne ya fi tsada. Talaka yana biyan kuɗi fiye da mai hali a kan sikari iri ɗaya, kuma wannan abin takaici ne. Amma in babu mai ƙullin, zaɓin da ya rage masa shi ne shan koko ba sikari.

Na biyu, kuma shi ne babba, bashi. A ƙarƙashin kowane kanta akwai ɗan kaye mai shafi 100, irin wanda muke rubutu a ciki a lakwal, gefensa ya yi baƙi da mai. Wannan kayen shi ne banki mafi girma a unguwanninmu. Banki na gaske zai tambaye ka takardar albashi, ya buɗe maka asusu, ya nemi mai tsaya maka, sannan ya ɗora ruwa. Mai kanti abin da yake tambaya guda ne: ɗan gidan wa ne kai? Ka ce "rubuta mini, Alhaji, sai ƙarshen wata," ya rubuta. Ba ruwa, ba sa hannu, ba jingina.

Duba waɗanda ke cikin kayen. Ga malamin lakwal ɗan kwantaragi da ke jiran albashi. Ga matar ɗan cirani da ke jiran mijinta ya aiko ta Nita ko Amana daga Abijan, Legas, Aljeriya ko Libiya. Ga manomin da rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ta yi nisa, yana jiran kaka. Ga mu ɗalibai, na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, na André Salifou, na Djibo Hamani, na Abdou Moumouni, muna jiran burs ko saƙo daga ƙauye. Duk waɗannan mutanen, a tsakanin ranar da kuɗinsu ya ƙare da ranar da wani zai shigo, mai kanti ne ke ciyar da su da jarinsa. Akwai digirori da yawa a ƙasar nan da garin rogo da sikarin bashi suka raina, ko da yake ba a ambatar mai kanti ranar walima.

Na uku, ƙananan hidimomin da ba a biya. Wurinsa ake barin makulli da saƙo. Shi ke ajiye wa tsohuwa kuɗinta. Shi ke gaya wa baƙo gidan da yake nema. In kuran ya tafi, fitilarsa ce ke haska lungu, kuma yarinyar da aka aika da dare ta san akwai idon babba a hanya.

Na huɗu, kanti makaranta ne. A nan tarihi yana da abin faɗa. A zamanin mulkin mallaka kantunan Maraɗi da Damagaram na kamfanonin Turawa ne, irin su CFAO da SCOA, suna sayen gyaɗa suna sai da yadi da gishiri da sikari. Ƴan ƙasa yaran sayen gyaɗa ne a ƙarƙashinsu. Bayan ƴancin kai, a 1962 gwamnati ta kafa SONARA don cinikin gyaɗa da COPRO-Niger don shigo da kayan masarufi. Fari na 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, ciniki ya karkata ga iyakar Najeriya. A cikin wannan juyi alhazan Maraɗi suka tashi. Wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya fitar da littafi a kansu a 1986, kuma ya yi bayani a kan alaƙar ubangida da bara: yaro ya shiga hannun ɗan kasuwa, ya yi dako, ya yi tsaron shago, ya koyi farashi da halin mutane, in ya nuna amana a ba shi jari ya tsaya da kansa. Har yau haka abin yake, daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole, zuwa shagunan Adarawa a Yamai. A ƙasar da gwamnati ba ta iya ɗaukar sai kaɗan daga cikin masu fitowa jami'a, kowane kanti da ya rufe, wata ƙofar koyon sana'a ce ta rufe da shi.

Gwajin 2023

A ranar 30 ga Yuli 2023 CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi. Aka rufe gadar Malanbil da Gaya, aka rufe Jibiya da Ɗan Isa, Illela da Ƙonni, Najeriya ta yanke kuran. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma ta Benin ta ci gaba da zama a rufe, manyan motoci suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso da rakiyar soja. Kowa ya ga yadda farashin shinkafa da mai ya tashi.

Mu tsaya mu duba abin da hauhawar farashi ke yi wa mai ba da bashi, don a nan ne mutane ba su cika lura ba. Ya sari buhu a farashin yau, ya auna wa maƙwabta bashi a farashin yau. Bayan wata biyu suka biya shi daidai abin da ya rubuta, ba ƙari. Ya ɗauki kuɗin ya tafi wurin ɗan sari, ya tarar buhun ya tashi. Kuɗin da ya karɓo ba su sake sayen buhu. A takarda ba wanda ya cuce shi, amma jarinsa ya ragu. Iyayenmu sun ga irin wannan a Janairun 1994, ranar da aka karya darajar sefa da rabi. Duk mai kantin da bai rufe kayensa ba a irin wannan lokaci, sadaka yake yi daga cikin jarinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Mu da muke ta rubuta kalaman juriya a salula, ya kamata mu san wa ya ɗauki wani kaso na nauyin juriyar.

Inda gizo ke saƙa

Yanzu mu zo kan namu. Mu yi ɗan lissafi, misali ne kawai. A ce a kan kowace jika ta ciniki mai kanti yana cin ribar dala 10. A ce kuma ɗalibi guda ya tafi da bashin jika 5. Kafin mai kanti ya maida wannan jika 5, sai ya yi cinikin jika 100, a kyauta, yana tsaye tun asuba. To a ce ɗalibai 20 ne, kowanne jika 5. Jika 100 ke nan a waje. In duka jarinsa jika 300 ne, kashi ɗaya cikin uku ya fita daga kan kanta ya koma cikin kaye. Daga nan sai ka fara ganin alamu: yau babu madara, gobe babu mai, kwalaye babu kowa a ciki an jera su don rufa asiri. Masu saye su ga kaya sun ragu su koma wani kantin. Ƙarshenta kwaɗo.

Kuma mun san yadda muke yi. Akwai mai sauya hanya, ya zagaya ta bayan masallaci don kar su haɗa ido. Akwai wanda in burs ta faɗo, sai ka gan shi da sabuwar salula da sabon takalmi, kaye kuwa "sai wata mai zuwa." Akwai wanda ya fi duka wayo: in ba shi da kuɗi yana wurin Alhaji, ranar da ya samu kuma sai ya tafi shago mai sanyi ya biya lakadan, ya ɗauki hoto da leda mai tambari. Bashi na talaka, tsabar kuɗi na mai hali. Sannan ga na ƙarshen shekara, wanda ya gama jarrabawa ya ɗaure jakarsa da asuba ya nufi tasha, ya bar sunansa a shafi na 40. Wannan ba mai kanti kaɗai ya cuta ba. Ya rufe ƙofa ga ƙanensa da za su zo baɗi, don ranar da sabon ɗalibi ya ce "rubuta mini," amsar da zai ji ita ce "ku ɗalibai na daina."

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi ba abin kunya ba ne, kuma ɗalibin da kuɗinsa suka makara ba laifinsa ba ne. Wanda ba shi da shi, ya je ya faɗa da bakinsa, ya rage abin da ya samu, ko dala 100 ce. Mai kanti ya fi kowa sanin babu. Abin da ke karya masa zuciya shi ne ɓuya. Mu tuna kuma ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Addinin da ya ba wannan al'amari irin wannan fili bai ɗauke shi wasa ba.

To ina amfanin ka sa hoton tutar ƙasa, ka rubuta "mu tallafa wa namu," alhali sunanka yana cikin kaye tun bara? Wannan ita ce babbar sukar da nake yi wa taken. Ya mai da tallafi abin faɗa, abin da ba ya cin ko dala, ya bar ainihin wurin da tallafin yake.

Su ma da nasu

Kar wani ya ɗauka na mai da mai kanti waliyyi. Taken yana da wani aibi: yana sa a ji kamar duk abin da na gida ya yi daidai ne, sukarsa kuma rashin kishi. A'a. Akwai mai tiya biyu, ta saye da ta sayarwa, ɗaya an bubbuga gindinta. Akwai mai goge kwanan wata a jikin gwangwani, ko ya bar madara da mayonez a shagon kwano cikin zafin Afrilu. Akwai mai ɓoye sikari da mai in azumi ya matso. Akwai mai ba ka alewa a madadin canji kullum, amma shi ba zai karɓi alewa a madadin kuɗi ba. Akwai mai ƙara lamba a kayen tsohuwar da ba ta iya karatu ba. Mafi muni, akwai teburin da ake sai da ƙwayoyi a ƙarƙashinsa, Tramol da ƴan uwansa, ga yaran unguwar da suka tashi a gabansa. Sura guda aka saukar da sunan masu tauye awo, kuma kowane ɗan kasuwa ya san ta.

Irin waɗannan ba su cancanci a riƙe su don kawai suna kusa ba. Kuma a nan ma kusancin yana da amfani. Kamfanin da ke Sin ba za ka iya zuwa ka yi masa magana ba. Mai kanti kuwa kuna sahu ɗaya a masallaci, ka san ubansa, ya san naka. Ana iya yi masa magana a asirce, in ya ƙi a gaya wa mai unguwa ko liman, in ya ƙi a ƙaurace masa a koma wa na gaba da shi mai gaskiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tallafin da ba ya bambanta mai amana da macuci, mai amanar yake cuta.

Wane ne "namu"?

Akwai kuma wata ƙaya a cikin kalmar "namu." Wani in ya faɗe ta, yana nufin ɗan garinmu, ɗan yarenmu. To Ibo mai sai da kayan babur da ya shekara talatin a Maraɗi, ƴaƴansa suna jin Hausa kamar mu, yana biyan haya da patanti, yana ba makanikai kaya bashi, shi na wa ne? Bayarabiya mai kayan ɗinki fa? Bazabarme a Damagaram, Ba'adare a Harobanda? In muka bar kalmar ta zama ta jini, mu tuna namu ma suna da tebur da shago a Kano, Kumasi, Kwatano da Abijan, kuma abin da muka shuka a nan shi za su girba a can. Ma'aunin da ya dace shi ne: yana zaune tare da mu? In gobara ta tashi zai ɗauko bokiti? Ribarsa tana juyawa a nan? In eh, namu ne.

Sannan akwai waɗanda taken ya manta da su gaba ɗaya, alhali su ne suka fi kowa sai da kayan gida na gaskiya: mata. Mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mai daddawa, mai yaji, mai fura, mai dambun zogala, mai awara, Bafulatana mai nono. Ba su da allo a bakin ƙofa, ba a gayyatarsu baje koli sai ƙalilan. Amma in ka ba mai man gyaɗa jika, kusan dukanta tana tsayawa a ƙasar nan: manomin gyaɗa, mai amalanke, mai injin niƙa, mai itace, ita kanta. A nan ne maganar "kuɗi ya tsaya a gida" ta zama gaskiya. Haka albasar Galmi, tattasan Diffa, ayar Maraɗi, kilishin Madawa da Tasawa, cuku, lemun Timiya, tukwanen Mirriya, takalman fata na Damagaram. Mu ne kuma muke tsayawa mu yi ta ciniki da tsohuwa a kan dala 5, har mu nemi gyara, alhali a shago mai sanyi ko tari ba mu yi in an faɗi farashi. Kuma mu sani, duk lokacin da sana'ar uwa ba ta kawo abin kirki a cikin gida, ɗiyarta ce ke ɗaukar tire ta fita talla a lokacin da ya kamata tana aji.

Abin yi

Ba na son in rufe da wani sabon take. Ga abubuwa ƙanana da ke hannunmu.

Kafin kowa ya tafi hutu, ya je ya sa a buɗe masa shafinsa. In zai iya ya biya duka, in ba zai iya ba ya rage, ya bar lambar salularsa ta gaskiya, ya cika ta Nita in ya isa gida. Ƙungiyoyinmu na ɗaliban gari-gari, da suke iya tara kuɗin walima da riguna masu tambari, suna iya sa wannan cikin aikinsu: a tambayi masu kantin da ke kewaye da makaranta ko akwai ɗanmu da ya bar bashi, a neme shi cikin rufin asiri.

Ranar da kuɗi ya shigo, wanda ya ɗauke ka ranar babu shi ya fi cancanta da tsabarka.

Mu riƙa tambayar kayan gida da sunansu a cikin kanti. Mai kanti ba ya sarin abin da ba a tambaya. In mutum goma suka tambaye shi man gyaɗa na gida ko shinkafar bakin kogin Isa a mako guda, zai nemo, kuma matar da ke yin man a lungunsa ta sami wurin ajiye kwalabenta. Ta haka ne kantin unguwa da kayan gida za su zama abu guda, ba da jawabi ba.

Masu karatun lissafin kuɗi da tattalin arziki, ga wurin gwada ilimi a bakin ƙofarku. Masu kanti da yawa ba su raba jari da riba da kuɗin cefane, duk aljihu guda ne. Awa guda a mako, in ya yarda, ka zauna da shi ku ja layi uku a kaye: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ke waje. Ka shiga da ladabi, don shi ma yana da abin da zai koya maka wanda ba ya cikin darasin mushe.

In Oktoba ta zagayo, a yi baje koli, a yi jawabi, ba laifi. Amma duk wanda zai hau mumbari ya ce mana mu sayi namu, ko ɗalibi ne ko babba, ya fara biyawa ta wurin Alhaji a soke sunansa. Allah ya ba mu abin biya, ya kuma sa wa masu ciyar da mu albarka a jarinsu.